Dawar da Na Tarar a Rataye

Matso kusa, 'yar uwa, ki jawo kujerar nan, don maganar ba ta ɗaga murya ba ce, ko da yake duk unguwarmu an riga an ji ta. Na yi abubuwan kunya a duniya daidai gwargwado. Wasu na manta, wasu na yi kamar na manta. Amma abin da na yi satin da muka tare a gidan nan ba zan taɓa mantawa da shi ba, kuma ko na so mantawa maƙwabta ba za su bari ba.

Tun da aka kai ni ɗaki a Funtuwa, gidan haya muke zaune. Kin san irinsa: igiyar shanya ɗaya, mata rututu, banɗaki sai an bi layi, idan kika soya albasa kowa ya san yau akwai baƙo. Maigidan (kayan babur yake sayarwa, kuma mutum ne da in ya yi miki magana uku a yini to ranar hira aka sha) ya daɗe yana tattali, har Allah Ya sa ya ji labarin wani tsohon gida a Malumfashi. Mai gidan wani dattijo ne, Baba Nomau. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka ce ba zai zauna shi kaɗai ba, suka mai da shi ƙauye wajen Bakori inda gonarsa take. Aka daidaita, aka yi shaidu, gida ya zama namu.

Ranar da na fara shiga, sai da na taɓa bango. Ginin ƙasa ne mai kauri, zauren soro, ɗakuna uku da rufin kwanon da ya yi ja, rijiya a tsakar gida, ga bishiyar lemun tsami. Ƙofar ɗakin tsakiya ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa. Bangon baya ya tsage har kina hango akuyar maƙwabta. Ni duk ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne igiyar shanya, tawa ni kaɗai, daga nan har can. Na shanya zani ɗaya a tsakiyarta na koma gefe ina kallo.

Ba mu gama sauke kaya ba maƙwabciyata ta yi sallama. Inna Laraba ke nan, tsohuwa ce siririya, idonta kamar na mai awo. Ta dubi katifa, ta dubi kwanukana, ta dubi ɗan murhun gas ɗina, sannan ta dube ni.

"Sannunku da zuwa. 'Yan Funtuwa ne, ko? 'Yan birni. Ku da kuke zaton dawa a buhu take tsirowa."

Wasa take yi. Yanzu na san wasa take yi, haka take yi wa kowa. Amma a lokacin ni baƙuwa ce, kuma ba na son a fara raina ni tun ban kunce ƙullin tsintsiya ba. Sai na ji bakina ya ce, "Haba Inna, ai ni 'yar manoma ce gaba da baya. A cikin dawa aka yanke mini cibi."

(Gaskiyar magana, mahaifina tela ne a bakin tasha. Kakana ne aka ce yana da gona, kuma na taɓa ganinta sau ɗaya ta tagar mota, ana nuna mini muna wucewa.)

Inna Laraba ta ce, "To madalla. Mun samu 'yar gida."

Da yamma maigidan ya ce mini, "Baba Nomau ya bar tarkacensa a madafa. Zai zo ya kwashe kafin ruwa ya sauka." Ya ƙara da cewa ranar Juma'a za a yi 'yar walimar shiga gida, a kira maƙwabta a yi addu'a. Maganarsa ta yinin ke nan, ya tafi masallaci.

Washegari na ɗaura ɗankwali na shiga madafar. Wani ɗan ɗaki ne a ƙuryar gida, baƙi ƙirin, shekara da shekaru ana hura itace a ciki. A ƙasa ga tarkacen Baba: tukwanen ƙasa biyu, ɗaya ta fashe a baki, wani turmi da gindinsa ya cinye, fitilar ƙwai ba ƙwan, guntun fartanya, da wata tasa da ba a gane launinta. Na ce Allah sarki, kayan marigayiya ne, tsoho yana son abin tunawa. Na fito da su ɗaya bayan ɗaya, na wanke da toka da soso, na goge, na jera a zaure, na lulluɓe da tsohon zanina don kada ƙura ta hau. Ko kayan aurena ban yi wa wannan gata ba.

Sai na koma share madafa. Na ɗaga tsintsiya zan kakkaɓe yanar gizo, sai na ga wasu abubuwa suna reto a jikin azara, daidai saman murhu. Na ɗauko kujera na hau. Zangarniyar dawa ce, an ɗaure ta dami-dami ƙanana, kunkunniya ta rufe ta har ta koma kamar gashin tsohuwar tunkiya. Na ciro ɗaya na murza a tafin hannu na hure. 'Yar uwa, ban taɓa ganin dawa irin wannan ba. Ƙwayar manya-manya, jawur, ko ɗaya ƙwaro bai huda ba.

Na tsaya a kan kujera ina tausayin mutanen ƙauye. Na ce dubi abinci mai kyau, an rataye an manta, hayaƙi yana ta ɓata shi. Tsufa ke nan. Da ba ni na zo ba, da haka za ta ƙare.

A nan dabara ta zo mini. Ga walima ranar Juma'a, ga dawa Allah Ya ajiye mini a cikin gidana. Zan yi kunun zaƙi da hannuna tun daga zangarniya, yadda 'yar manoma take yi, in ga bakin Inna Laraba.

Na sauke ta kaf, ban bar ko ɗaya ba. Na sa sakata a ƙofar gida don kada wani ya shigo ya ga yadda nake riƙe taɓarya. Na yi sussuka, na sheƙe (rabin ƙaiƙayin a kaina ya sauka, na kwana ina susa), na surfa, na wanke har ruwa ya daina fitowa baƙi. Hannuna ya yi bororo. Ina cikin daka Inna Laraba ta ɗaga murya ta bayan katanga.

"'Yar manoma, sannu da aiki! Me ake dakawa haka tun safe?"

Na ce, "Inna, sai ranar Juma'a. Baki ne zai ba ki labari."

Kin gani, ko a nan da na ce mata ga abin da na samu, da magana ta ƙare. Katangar ko kafaɗata ba ta kai ba. Amma ina so in ba ta mamaki.

Na jiƙa dawar, na kai inji aka markaɗa da citta da kanumfari da busasshen dankali, na dama, na bar shi ya kwana, na tace. Ya cika manyan robobi. Na sa aka sayo ƙanƙara, don lokacin bazara ne, zafin nan da ke sa kaza ta buɗe baki. Da na ɗanɗana sai da na zauna. Ga kauri, ga gardi, ga wani ɗan ƙamshin hayaƙi can ƙasa-ƙasa. Maigidan ya sha ya ce, "Ya yi." A wajensa wannan kirari ne.

Ranar Juma'a bayan la'asar gida ya cika. Maza a zaure da ƙofar gida, mata a tsakar gida kan tabarmi. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Na fito da waina da miyar taushe, sannan na fito da kunu. Ina zubawa ina kallon fuskoki. Inna Laraba ta kurɓa, ta sake kurɓa.

"Ke, wannan kunu da dawar kirki aka yi shi. Ba ta kasuwa ba ce."

Na gyara ɗaurin ɗankwali na ce, "Ai na faɗa miki, Inna. Mu ido kawai muke sa wa dawa mu san ta."

Ana haka sai aka ce ga Baba Nomau ya iso a kan babur ɗin haya. Tun da tsoho ne kuma gidansa ne na da, maigidan ya shigo da shi har ciki ya gaisa da mata. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, tafin hannunsa kamar bayan itace. Matan unguwa suka yi ta tsokanarsa, wai ƙauye ya karɓe shi har ya yi ƙiba. Na shimfiɗa masa tabarma a gindin lemun tsami, na durƙusa na gaishe shi, na cika babban kofi na miƙa masa.

Ya shanye a tashi ɗaya. Ya lumshe ido. Na ƙara masa, ya sha rabi, ya riƙe kofin yana jujjuyawa.

"Ɗiyata, Allah Ya yi miki albarka. Rabona da kunu irin wannan tun mai ɗakina tana da rai. Kin san dawar nan ta yi kama da tawa?"

Na ce, "Allah, Baba?"

Ya ce, "Wallahi. Ashe akwai mai irinta a ƙasar nan. Ni da na ɗauka ni kaɗai na rage."

Na yi murmushin masu sani. Har yanzu ban gane ba. Ki duba fa, mutum ya faɗa mini da Hausa, a gaban shaidu, ni kuwa ina tsugune ina jiran ƙarin yabo.

Da ya huta sai ya ce bari ya ɗauki abin da ya kawo shi, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas kwanan nan, ba a san ranar da za a wayi gari da shuka ba. Na yi wuf na tashi. Na sa aka shigo da kayan daga zaure, na yaye zanin a gabansa kamar mai buɗe kayan lefe. Tukwane suna ƙyalli, fitila tana ƙyalli, har guntun fartanyar na shafa wa man gyaɗa.

Ya dube su ya yi dariya. "Kai, ɗiyata, kin wahalar da kanki. Waɗannan ai na juji ne, ki zubar. Iri na zo ɗauka."

Ya miƙe ya nufi madafa.

A nan ne fa na gane. Ina kallon bayansa ya sunkuya ya shiga. Ina kallon Inna Laraba, ita kuma tana kallon kofin da ke hannunta, ta ɗago ta dubi madafa, ta sake duban kofin. Sai ta ajiye shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Baba ya daɗe a ciki. Madafar fa ba ta da girman da za a daɗe. Na share ta tas, har farar ƙasa na shafa, babu abin kallo sai azara. Can sai ya fito. Ya dawo ya zauna a tabarmarsa, ya ɗauki kofinsa, ya leƙa ciki.

"Ɗiyata," in ji shi, "wadda ke rataye saman murhu."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Ita ce wannan?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

"Duka?"

"Duka, Baba. Na ga hayaƙi yana ɓata ta."

Wata mata a bayana ta ce "Innalillahi" da ƙaramar murya. Muna jin maza a zaure suna ta santi, wani yana cewa a ƙaro kunun nan in da saura.

Inna Laraba ta juyo ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "'Yar manoma, hayaƙin nan shi ke hana ƙwaro ci. Don shi ake ratayewa. Kowace kaka sai mutum ya bi gona ya zaɓi zangarniyar da ta fi kowace, ya ɗaure, ya ajiye ta shuka. A gidan manoman da aka yanke miki cibi, a ina suke ajiye nasu?"

Na ce, "Mu namu... a buhu yake zuwa."

Wallahi haka na ce. Ban shirya ba, fitowa ta yi.

Baba Nomau ya miƙo mini kofi. Na ɗauka zai ce in karɓa in ɓace masa da gani. Sai ya ce, "Cika mini. Tun da ba zan shuka ba, gara in sha rabona." Na cika na miƙa masa. Ya sha, ya goge baki, ya dubi matan da ke zaune ya ce, "Ku sha, jama'a, kada ku bari. Gonar bana ce gaba ɗaya, ba za a sake damawa ba."

Babu wadda ta yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Don tsohon wasa yake yi da baki, amma na ga yadda babban yatsansa yake shafa gefen kofin. Daga baya ya faɗa wa maigidan, ina jin su daga ɗaki. Dawar tun ta mahaifinsa ce, shi ma daga nasa mahaifin ya karɓa, tun suna zaune a gidan gona cikin dangi masu bin al'adar da. Ba a sayar da ita a kasuwa. Tana jure ciyawar wuta-wuta mai kashe dawa, tsuntsu bai cika damunta ba, kuma ta saba da jar ƙasar gonarsa. Ya bar ta a nan ne don gidan ɗansa madafar kwano ce, ba ta riƙe hayaƙi. Maigidan ya ce gobe zai je Funtuwa ya sayo masa irin kamfani mai kyau. Baba ya ce, "Na gode, Malam. Sai dai shi bai san gonata ba, ita ma ba ta san shi ba."

Maigidan ya shigo ɗaki ya tsaya a kaina. Na jira faɗa. Ya dube ni ya ce, "Kunun dai ya yi." Ya fita.

Da sassafe Inna Laraba ta yi sallama, ta same ni ido a kumbure. Ta ce, "Kuka ba ya tsirowa. Ɗauko mayafinki da ƙwarya. Marigayiya mace ce mai kyauta, na san ta sha ba mutane irin nan. Mu bi gida-gida, ko Allah Zai sa wani ya riƙe."

To, a nan na san Malumfashi, ita ma ta san ni. Ni da na so in shiga unguwa da kwarjini, sai ga ni ina bin lungu da ƙwarya a hannu, tsohuwa tana gaba tana gabatar da ni. Kowane gida muka shiga labari ya riga mu isa, amma sai an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, an kira matan ɗaki na kusa, sannan uwar gida ta ce, "To, baiwar Allah, me ke tafe da ku?" Inna Laraba kuma ta ce, "Faɗa musu da bakinki." In faɗa. A tafa hannu, a yi salati, wata ta ce, "Har da ƙanƙara fa, ni na sha." Sannan a ce ai kuwa an taɓa ba su, amma sun cinye shekarar da abinci ya yi wuya, ko ta gauraye da wata, sai dai mu gwada gidan wance.

Muka yi kwanaki a haka, hadari kullum yana ƙara duhu. Har wata rana aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi, mu kuwa ko ƙwaya ɗaya ba mu samu ba. Daga ƙarshe aka tura mu wani ɗan ƙauye a bayan gari, wajen wata gwauruwa da suka yi zumunci da marigayiya. Ta saurari labarina har ƙarshe, ba ta yi dariya ba (Allah Ya saka mata), ta shiga madafarta ta fito da zangarniya uku, baƙaƙe wuluk. Ta ce biyu za ta iya ba ni. Na karɓa da hannu biyu, na naɗe a mayafi, na rungume a cikin mota har Bakori. Yaron mota ya ce a sa kayan a but, na ce sai dai ni a sa ni a but.

Baba Nomau yana zaune a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na kwance mayafin. Ya murza 'yan ƙwayoyi, ya hure, ya kai kusa da ido, ya jefa ɗaya a baki ya tauna.

"Ita ce," in ji shi. "Ta ɗan yi zaman wani gida, ta kwaso halin maƙwabta. Amma ita ce."

Na ce, "Baba, za ta isa?"

Ya ce, "Za ta isa kunya huɗu ko biyar a gefen gona. In Allah Ya raya mu, baɗi a samu na rabin gona. Sauran bana sai na kamfanin." Ya naɗe zangarniyar ya sa a cikin rigarsa, ba a gefe ya ajiye ba. Sannan ya ce, "Ɗiyata, tashi ki shiga ciki ki sha ruwa. Amma kada ki shiga madafa."

Shekarar nan gonarsa ba ta yi yadda ta saba ba, kuma bai taɓa faɗa mini ba, a bakin matar ɗansa na ji. Sai da aka yi damina biyu kafin dawarsa ta sake rufe gonar.

A unguwa kuwa na samu shiga, ba ta ƙofar da na nema ba. Babu biki ko suna da ba a kirana in dama kunun zaƙi, don an yarda hannuna yana da kyau. Sai dai duk gidan da na je, kafin in zauna sai uwar biki ta auno dawar da kanta ta kawo mini tsakar gida, ta ce, "Ga ta nan, wannan ta sha ce." Wata har rufe madafa take yi, wai don kaji.

Abin da na koya bai da yawa. In kika shiga tsohon gida, abin da aka yar a ƙasa ba lallai yana da mai shi ba, amma abin da ke sama, wani ne ya taka kujera ya ɗaure shi, kuma yana da dalili. Ki leƙa katanga ki tambaya, ko da za a ce miki 'yar birni.

Amma tsakaninki da Allah, 'yar uwa, ke da kike ta dariya tun ɗazu: ki hau kujera ki tarar da dawa jawur haka a cikin gidanki na kanki, ga walima jibi, ba za ki dama ba?